Abin da ke sa maɓallan kwamfuta rikicewa bayan sabunta manhaja, da hanyoyin gyara su

Tun daga ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da ya saba bai wa babbar manhajar Windows 10, masu kwamfuta suke fuskantar zaɓi biyu: ko dai su koma Windows 11, ko kuma, idan na'urar ta tsufa har ba ta cika sharuɗɗan sabuwar manhajar ba, su ɗora mata ɗaya daga cikin nau'o'in Linux. Kowace hanya aka bi, akwai wata matsala da takan biyo baya wadda ba kasafai ake tsammaninta ba. Sai a kunna kwamfuta bayan an gama sabuntawa, a danna maɓalli ɗaya wani harafin daban ya fito, ko kalmar sirrin da aka shafe shekaru ana amfani da ita ta ƙi karɓuwa, ko kuma fuskar kwamfutar ta koma baƙi ƙirin babu komai sai rubutu.

A garuruwa irin su Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. A Kaura Namoda, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya take tun 1983, shagunan buga takardu sun dogara ne da aikin ɗalibai, wanda kuma yake da wa'adi. A Shinkafi, ɗan kasuwar da ke ajiye lissafinsa a kwamfuta ba zai so ranar Alhamis ta kasuwa ta riske shi da na'urar da ta ƙi buɗewa ba. Ga ma'aikacin da ke shirya takardar albashi ko wasiƙar ofis, jinkirin kwana ɗaya yakan shafi mutane da yawa. Sannan ɗaukar kwamfuta zuwa Gusau wurin mai gyara yana nufin kuɗin mota da asarar wuni, a kan hanyoyin da matsalar tsaro ta sa ba a bin su sai da fargaba. Alhali mafi yawan irin waɗannan matsaloli ba lalacewa ba ce, saiti ne ya sauya, kuma mai kwamfutar zai iya mayar da shi da kansa.

Maɓalli ba harafi yake aikawa ba

Mafarin fahimtar lamarin shi ne sanin cewa allon rubutu, wanda aka fi sani da kibod, ba ya aika harafi zuwa cikin kwamfuta. Lamba yake aikawa, wadda ke nuna gurbin maɓallin da aka danna. A allon da ake jonawa ta USB, maɓallin farko na layin tsakiya yana aika lamba 4, ko mene ne aka zana a kansa. Babbar manhaja ce ke ɗaukar wannan lamba ta duba wani jadawali da ke cikinta, sannan ta yanke harafin da za ta nuna. Idan jadawalin Amurka ne, harafin A zai fito. Idan na Faransa ne, Q zai fito.

Ke nan abubuwa biyu ne dole su dace da juna: zanen da ke kan maɓallan, da jadawalin da manhajar ke karantawa. Sabunta manhaja ba ya taɓa na farko, amma yakan sauya na biyu, musamman idan wanda ya yi aikin ya riƙa danna Next ba tare da duba tambayar da aka yi masa game da harshe da ƙasa ba.

Matsalar ta fi yawa a Najeriya saboda akasarin kwamfutocin cinya da ke kasuwa na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga ƙasashe daban-daban. Na Amurka da na Ingila duk suna bin tsarin QWERTY, wanda ya samo asali daga keken rubutun Remington na shekarun 1870, amma sun bambanta a wurin alamomi. Na Jamus tsarin QWERTZ suke bi. Na Faransa kuwa AZERTY ne, kuma shi ne aka saba da shi a ofisoshin Jamhuriyar Nijar. Tun da Ƙaramar Hukumar Zurmi ta yi iyaka da Nijar, kuma cinikayya tsakanin wannan yanki da Maradi daɗaɗɗiya ce, ganin allon AZERTY a arewacin Zamfara ba abin mamaki ba ne.

Yadda ake gane irin cutar

Kowane irin sauyi yana da alamarsa. Idan aka danna Shift da 2 sai alamar zance ta fito maimakon @, ko Shift da 3 ya ba da £ maimakon #, to jadawalin Ingila ne ya hau kan allon Amurka. Idan A da Q sun yi musaya, haka ma Z da W, kuma lambobin layin sama ba sa fitowa sai an haɗa da Shift, jadawalin Faransa ne. Idan Y da Z kaɗai suka yi musaya a cikin haruffa, na Jamus ne.

Akwai kuma alamomin da ba na jadawali ba. A ƙananan kwamfutocin cinya da ba su da sashen lambobi a gefen dama, idan J da K da L suka koma 1 da 2 da 3, U da I da O kuma suka koma 4 da 5 da 6, maɓallin Num Lock ne a kunne, kuma ana kashe shi ta hanyar haɗa shi da Fn. Idan kuma allon ya yi nauyi, sai an daɗe da danna maɓalli kafin harafi ya fito, wataƙila an kunna Filter Keys ne bisa kuskure, domin riƙe Shift na dama na daƙiƙa takwas yana tayar da shi a Windows.

Gwaji mafi sauƙi na raba lalacewa da saiti shi ne a ari wani allon na USB a jona. Idan shi ma ya fitar da kuskure iri ɗaya, laifin na manhaja ne. Idan ya yi daidai, sai a koma kan allon farko, domin ƙurar hunturu da ruwan shayi suna kashe maɓalli ba tare da hannun kowace manhaja ba.

Cibiyoyin da ke horar da ɗalibai jarrabawar JAMB su ma lamarin ya shafe su. Tsarin jarrabawar ya ba ɗalibi damar amsa tambaya da maɓallan A, B, C da D, ya koma baya da P, ya ci gaba da N. Kwamfutar atisayen da jadawalinta ya koma na Faransa za ta riƙa karanta A a matsayin Q, ɗalibi kuma ya ɗauka shi ne bai iya ba.

Kalmar sirri ce ta fi haɗari

A cikin takarda, mutum yana ganin kuskuren da idonsa. A gurbin kalmar sirri kuwa ɗige-ɗige kawai ake gani. Wanda kalmarsa ke ɗauke da @ ko # zai riƙa shigar da ita daidai da yatsunsa, kwamfutar tana karɓar wani abu daban. Shafukan bankuna da na hukumomi da dama sukan rufe asusu bayan an yi kuskure sau kaɗan a jere, daga nan sai neman sabuwar kalma, wani lokacin har da zuwa reshen banki.

Saboda haka, da zarar kalmar sirri ta ƙi shiga karo na farko bayan sabuntawa, abin da ya dace shi ne a dakata. A shafin shiga na Windows akwai alamar ido a ƙarshen gurbin, wadda ke bayyana abin da aka rubuta muddin ana riƙe da ita. A ƙasan shafin ta dama akwai gajeren sunan harshe, kamar ENG ko FRA, inda ake zaɓar jadawali idan sun fi ɗaya. A nan ne kuma ake kiran allon rubutu na kan fuska, wanda ke nuna haruffan kamar yadda manhajar ke ganin su a wannan lokacin.

Gyara a Windows

Bayan an samu shiga, haɗa maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara yana nuna duk jadawalolin da ke cikin kwamfutar, yana kuma sauyawa tsakaninsu. Alt na hagu da Shift ma suna yin wannan aikin, kuma shi ne dalilin da ya sa jadawali kan sauya ana tsakiyar rubutu ba tare da mai rubutun ya lura ba. Maganin dindindin shi ne a shiga Settings, sai Time & language, sai Language & region, a buɗe zaɓuɓɓukan harshen, a ƙara jadawalin da ya dace da zanen allon, a goge wanda ba a buƙata.

Wannan gyaran na asusun mutum ɗaya ne kawai. Shafin shiga yana da nasa saitin. Don daidaita su, sai a buɗe Region a cikin Control Panel, a je sashen Administrative, a danna Copy settings, a zaɓi kwafe saitin zuwa shafin maraba da sababbin asusai. A ofishin da ma'aikata da yawa ke amfani da kwamfuta ɗaya, wannan mataki ne ke hana matsalar dawowa ga na gaba.

Akwai kuma masu sauya aikin maɓalli da gangan, misali wanda Enter ɗinsa ya mutu ya mayar da Shift na dama ya maye gurbinsa. Idan da manhajar SharpKeys aka yi, sauyin yana zaune ne a rajistar Windows a ƙarƙashin sunan Scancode Map, kuma babbar sabuntawa takan share shi a wasu lokuta, sai an sake rubutawa an kuma sake kunna kwamfutar. Idan da Keyboard Manager na PowerToys aka yi, sauyin ba ya aiki sai manhajar tana gudana, kuma ba ya aiki ko kaɗan a shafin shiga.

Idan duk an gwada abin ya faskara, Windows na ajiye tsohuwar manhajar na kwana 10 bayan ɗaukakawa. A cikin wannan wa'adi ana iya komawa ta Settings, System, Recovery, sannan Go back, matuƙar ba a goge jakar Windows.old ba.

Baƙaƙe masu ƙugiya

Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin asara. Baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, ba ado ba ne. Su ne ke raba fada da faɗa, baki da baƙi, kafa da ƙafa. Wasiƙar da aka so ta ce an kira taro a fada, ko rahoton da aka so ya ce an yi faɗa, ma'anarsu tana rataye ne a kan ƙugiya ɗaya.

Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, marubuta da maɗaba'o'i sun dogara ne da zubin haruffa na musamman, kamar Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar a shekarun 1990. Irin wannan zubi yana aron gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba ne, ya zana baƙin Hausa a kansu. Muddin zubin na cikin kwamfutar, takarda za ta fito daidai. Amma idan aka goge komai aka ɗora sabuwar manhaja, zubin ya tafi, sai tsofaffin takardu su buɗe da }asa maimakon ƙasa, ]aya maimakon ɗaya, ~arawo maimakon ɓarawo. Takardar ba ta lalace ba. Mayar da zubin cikin kwamfutar zai dawo da ita yadda take. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a yi amfani da Find and Replace a musanya alamomin da baƙaƙen Unicode, ana lura kada a taɓa bakan da ke aikinsu na asali.

Windows na da jadawalin Hausa nasa, wanda ake ƙarawa ta hanyar da aka bayyana a sama, kuma a cikinsa Alt na dama haɗe da k ko d ko b yana ba da mai ƙugiyar. Idan sabuntawa ta cire shi, sake ƙara shi kawai za a yi. A cikin Word kuma akwai hanyar gaggawa: a rubuta U+0199 a danna Alt da X, ƙ zai fito. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ 0253, manyansu kuma 0198 da 018A da 0181. Alamar Naira, ₦, lambarta 20A6.

Linux: jadawali a wurare uku

Windows 11 na buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da ma'adanar wucin gadi ta aƙalla gigabait 4, sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba. Wannan ya sa Ubuntu da Linux Mint suka zama mafita ga wasu. Sai dai a Linux jadawalin ba a wuri ɗaya yake ba. Akwai na tebur mai hotuna, akwai na shafin shiga, akwai kuma na zauren umarni mai baƙin allo. Yana yiwuwa a gyara ɗaya sauran biyun su ci gaba da kuskure.

A Ubuntu da Debian, saitin gama-gari yana cikin fayil ɗin /etc/default/keyboard, kuma umarnin sudo dpkg-reconfigure keyboard-configuration yana sake yin tambayoyin jadawali ɗaya bayan ɗaya. Bayansa, sudo setupcon na aiwatar da sauyin a zauren umarni. A Fedora da ire-irenta, localectl ne ke wannan aiki, saitin zauren kuma yana cikin /etc/vconsole.conf. Wanda ya kulle ma'adanarsa da kalmar sirrin da ake tambaya tun farkon tashi, sai ya ƙara da sudo update-initramfs -u a Ubuntu, domin wancan matakin yana ɗauke da nasa kwafin jadawalin.

Babban sauyin da ya rikita mutane shi ne ƙaura daga tsohon tsarin nuna hoto na X11 zuwa Wayland, wanda Ubuntu ta mayar da shi zaɓin farko tun daga fitowar 21.04, ya kuma shiga 22.04 da 24.04 masu dogon tallafi. Umarnin xmodmap da setxkbmap, waɗanda aka shafe shekaru ana sauya maɓallai da su, na X11 ne. A ƙarƙashin Wayland za su iya gudana ba tare da ƙorafi ba, amma teburin ba zai saurare su ba. Umarnin echo $XDG_SESSION_TYPE yana faɗin wanda ake ciki. Idan Wayland ne, sai a yi sauyin ta Settings a sashen Keyboard, inda jadawalin Hausa na Najeriya yake, ko ta manhajar Tweaks. A teburin GNOME, Ctrl da Shift da U, sai lambar harafin, sai Enter, suna fitar da kowane baƙi mai ƙugiya.

Sauyawa tsakanin zauruka

Linux na buɗe zaurukan umarni da dama a bayan teburin, ana shiga su da Ctrl da Alt haɗe da ɗaya daga maɓallan F. Amfaninsu yana bayyana ne ranar da teburin ya daskare, domin ta nan ake shiga a kashe manhajar da ta maƙale ba tare da an cire wuta an yi asarar aiki ba.

A da, F1 zuwa F6 zaurukan rubutu ne, F7 kuma tebur. Tun da Ubuntu ta koma GNOME a fitowar 17.10, lissafin ya sauya: F1 shafin shiga ne, F2 teburin mai aiki, F3 zuwa F6 zaurukan rubutu. Wanda ya saba da F7 zai danna ya tarar da allo fayau, ya zaci kwamfutar ta mutu, alhali F2 ce za ta mayar da shi. Linux Mint kuwa ta ci gaba da amfani da F7.

Idan haɗin maɓallan bai yi komai ba, dalili na farko da za a duba shi ne Fn. A kwamfutocin cinya da yawa layin F na sarrafa sauti da haske ne, sai an haɗa da Fn yake komawa aikinsa na asali, wasu kuma Fn da Esc ke kulle shi a hali ɗaya. Dalili na biyu shi ne zaɓin srvrkeys:none a saitin jadawali, ko DontVTSwitch a saitin X11, waɗanda ke toshe sauyawar da gangan. Umarnin sudo chvt 3 yana raba gardama: idan ya kai mutum zaure na uku, zauren lafiya yake, matsalar ta maɓallai ce. Idan ya kai shi allo baƙi babu rubutu, zargi ya koma kan direban katin hoto, musamman na NVIDIA, kuma tayar da kwamfutar da tsohuwar ƙwayar manhaja ta Advanced options a jerin GRUB yakan tabbatar da hakan.

Akwai kuma kishiyar wannan matsala, wadda ta sha bayyana a Ubuntu bayan sabunta kunshin console-setup: Alt da kibiyar hagu, ko Alt da F4, su riƙa jefa mutum cikin zaure yana tsakiyar aiki. Dalili shi ne allon ya faɗa yanayin da ƙwayar manhajar ke fassara maɓallan kai tsaye. Umarnin sudo kbd_mode -s, ko sake kunna kwamfutar, yana daidaita shi. Haka nan, ganin ƙananan murabba'ai a madadin ƙ da ɗ a cikin zaure ba alamar lalacewar fayil ba ce, domin zubin haruffan zauren ba ya ɗaukar sama da siffofi 512.

Kafin a taɓa komai

Kusan duk gyaran da aka ambata ana yin sa ba tare da intanet ba, amma sauko da zubin haruffa ko kunshin harshe ko direba yana buƙatarta. Mazauna Zamfara ba su manta da farkon Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matakan tsaro, yankunan da ke wajen Gusau kuma suka fi daɗewa a haka. Ofis ko shagon da ke da filasha ɗauke da zubin haruffansa da direbobinsa da kwafin takardunsa ba zai tsaya jiran sabis ba.

Kafin sabuntawa, yana da kyau a ɗauki hoton saitin harshe da waya, a rubuta duk maɓallin da aka sauya wa aiki, a kwafe zubin haruffan Hausa daga jakar Fonts, a kuma mayar da kalmar sirrin shiga ta zama ta wucin gadi wadda ba ta da alamomi ko haruffan da ke musaya. A tabbatar batir ya cika ko janareta na da mai, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin takan haifar da ɓarnar da ta fi ta maɓalli nesa ba kusa ba. Inda kwamfutoci suke da yawa, a fara da ɗaya, a buɗe tsohuwar takardar Hausa a kanta, a gwada @ da ₦ da ƙ, a fita a sake shiga, kafin a wuce ga sauran. Kuma a zaɓi ranar da aiki ya yi sauƙi, ba jajiberin kasuwa ko makon biyan albashi ba.